Riga Mai Hannu Ɗaya

Litinin, da hantsi

Wannan littafin awo ne na shago. Gabansa duk ƙugun mutane ne da tsawon hannuwansu, bayansa kuma daga yau ya zama nawa, tunda a danginmu ba wanda za ka faɗa wa magana da safe ba ta isa kunnen Kawu kafin azahar ba.

Likita ya kira mu ofishinsa, ni da Kawu, yayan Umma. Ya faɗi wata kalma. Ba zan rubuta ta ba. Ya ce mu koma da ita gida, za ta fi sakewa a ɗakinta. Kawu ya yi ta gyaɗa kai. Ni kuwa rigar likitan nake kallo, an dasa maɓallin sama a karkace, har na ji kamar in ce ya tuɓe in gyara masa.

Umma ta sha shayi kofi guda da ɗan burodi.

Laraba, da yamma

Ta sa na jawo mata akwatin ƙarfen nan na ƙarƙashin gado. Na san abin da take nema tun kafin ta faɗa. 'Yar rigar nan ce shuɗiya, ta yarinya 'yar shekara biyar, mai hannu ɗaya. Ɗaya hannun an yanka shi amma ba a ɗinka ba, yana naɗe a cikin aljihun rigar.

Duk wanda ya tashi a gidanmu ya san labarin, ko da yake ba a taɓa zaunar da kowa an ba shi ba. Kakata, mahaifiyar su Umma, mai ɗinki ce. Wata rana tana cikin ɗinka wa Umma rigar nan ta tashi ta fita, ba ta dawo ba. Aka ce wani direba ta bi. Kakana ya hana a ambaci sunanta har ya bar duniya. In ana so a nuna irin halinta sai a ce, ai ko rigar 'yarta ba ta tsaya ta gama ba.

Umma ta shimfiɗa rigar a cinyarta tana shafawa. Ta ce, "Kin san abin da ke damuna? Ba ciwon nan ba ne. Hannu ɗaya fa ya rage mata. Aikin da ke kafin ruwa ya tafasa kin gama shi. Wace irin gaggawa ce wannan?"

Na ce, "Umma, ki bar tuna wannan."

Ta ce, "Shekara sittin da ɗoriya ina bari. Ni dai ina so in san abin da na yi mata kafin in tafi."

Tsohuwa mai jikoki tana tambayar laifin da ta yi tana 'yar shekara biyar. Na fita tsakar gida na ɗauraye kofunan da na riga na ɗauraye. Raina ya ɓaci, kuma ban san da wa nake fushi ba.

Alhamis, da safe

Na je wurin Kawu. Na same shi a ƙofar gida yana karanta jarida da ƙarfi da muryar nan tasa ta tsohon hedimasta, ko da mai saurare ko babu. Na gaishe shi, na zauna.

Na ce, "Kawu, kai ka girmi Umma, kana da wayo lokacin. Ina Innarku ta tafi?"

Ya ninke jaridar. "Wa ya aiko ki?"

"Ba wanda ya aiko ni. Umma ce ke tambaya."

"Ciwo ne ke sa ta magana. Ki bar kaza cikin gashinta."

Na ce, "Kawu, gashin nan ya tsufa, ya isa a fige."

Ya ce tun ina ƙarama bakina ya fi ni girma, kuma abin da babba ya hango... Ban bari ya kai ga rimin ba na yi masa sallama.

A hanya na tuna maganarsa ta kullum, wai a da ko akuya ce ta haihu a garin nan sai tsohuwar jaridar mako-mako ta buga. To shi ya nuna min ƙofar da bakinsa.

Asabar, da azahar

Rabona da laburaren gari tun ina makaranta. Matar da ke kula da wurin ta dube ni sama da ƙasa, ta ce tsofaffin jaridu suna ɗakin baya, amma in yi sauri, don an ce a kwashe su kafin ƙarshen wata, za a zuba kwamfutoci. Na tambayi ina za a kai su. Ta ce masu ƙunshin kaya za a sayar wa, a kan sikeli.

Ɗakin yana warin ɓera da ruwan da ya kwana. An ɗaure jaridun ɗauri-ɗauri da igiya, kowane da shekararsa a jikin kwali, wasu kwalayen gara ta cinye shekarar. Kujera ɗaya ce, ita ma gurguwa. Na yi lissafin shekarun Umma, na ja baya, na ƙara kaɗan na rage kaɗan, tunda mutanen da ba su damu da takardar haihuwa ba. Na kwance ɗauri na fara.

Shafin cigiya na fara dubawa, sai labaran kotun aure. Sunanta nake nema. Na san shi, Umma ta taɓa raɗa min shi sau ɗaya ina budurwa.

Na dawo gida hannuna baƙi ƙirin. Shayi rabin kofi.

Litinin, da yamma

Ba komai. Tallan sabulu, tallan keken ɗinki irin na Umma, an buɗe gada, an kama ɓarawon kaji.

Talata, da la'asar

Wata malamar makaranta ta zo shago neman rigarta. Ita ce Umma ke ɗinkawa ranar da jiri ya kwashe ta. Tana nan a kan kekenta yadda ta bar ta, allura a cikin yadi, na lulluɓe ta da zane don ƙura.

Malama ta ce, "Ke ba tela ba ce? Ki ƙarasa mana."

Na ce ta yi haƙuri. A shagonmu ba a ƙarasa aikin wani yana kan keke. Dokar Umma ce tun ina koyon kalmasa. Ta ce hannu biyu ba sa ɗinka riga ɗaya, sai ta karkace, kuma wanda ya bar aiki a ƙarƙashin allura alkawari ya yi zai dawo. Malama ta ce to yaushe? Na ce in Umma ta warke. Na faɗa da ƙarfi, har mai shagon kusa ya leƙo.

Ta kuma roƙi a mayar mata da aljihu dama, wai duk rigunanmu aljihun a hagu yake, a karkace. Ba ita ta fara wannan ƙorafi ba. Umma ba ta samu mai koya mata ɗinki ba, rigunan da uwarta ta bari ta rinƙa warwarewa tana kwaikwaya, haka ta ga aljihun haka ta yi, haka ta koya min. Da alama kakata bahaguwa ce. Mu duka da dama muke cin abinci, amma aljihu ya ƙi ƙaura.

Alhamis, da azahar

Yau na gane wautata. Na ga cigiyar keken hawa, an rubuta launinsa, lambarsa, har da cewa ƙararrawarsa ta lalace. A ƙasansa an ce mota ta buge "wata mata" a bakin kasuwa. Na koma baya na duba. Wata mata. Matar wane. Wasu mata uku. Jaridar nan ba ta san sunan mace ko ɗaya ba, sai in matar babban mutum ce, ita ma da sunan mijinta.

Na faɗa wa matar laburare. Ta yi dariya ta ce, "Ai da kin tambaye ni. Ni ma na nemi uwata a ciki, na samu jakin maƙwabcinmu."

Kwana da kwanaki ina neman suna a inda ba a rubuta suna. Ban fasa ba. Sai dai ban san me zan nema yanzu ba.

Juma'a, da magariba

Baban yara ya ce Kawu ya kira shi a waya. Wai ya ja min kunne, ina rufe shago ina tonon asirin matattu, uwata tana kwance. Ya faɗa yana sosa ƙeya, don ya san da wadda yake zaune.

Na ce, "Kai me ka ce masa?"

Ya ce, "Na ce masa ni ma shekara ashirin ina neman kunnen ban same shi ba."

Na yi dariya, ta farko a makon nan. Daga baya na shiga banɗaki na daɗe.

Lahadi, da hantsi

Ina shafa wa Umma mai a ƙafa na tambaye ta me take tunawa na ranar. Ta ce ba komai, sai wari. Garin duka yana warin ƙonanniyar auduga, har a cikin ruwan sha. Ta ce ta zauna a bakin ƙofa riƙe da rigar tana jira, idanunta suna yaji, aka ce ta shiga ciki ta ƙi.

Ta ce, "Ta ce min tana zuwa yanzu. Wannan kam na tuna."

Ba mace zan nema ba ashe. Gobara zan nema.

Shayi cokali kaɗan. Ta ce sukari ya yi yawa, ban sa sukari ba.

Talata, da yamma

Na samu. Ba a shekarar da nake ta tono ba, ta gaba da ita ce. Shafin farko gaba ɗaya. Masaƙar da ke bayan tashar jirgi, wadda yanzu ta zama wurin ajiye motoci. Wuta ta tashi a ɗakin auduga da rana tsaka, mata suna kan aiki. Ƙofar fita a ɗaure take da sarƙa daga waje, don masu masaƙa sun ce ana satar yadi. Jaridar ta lissafa injinan da suka ƙone ɗaya bayan ɗaya. Matan kuwa ta ce "da dama".

A ƙasa an ce mai gadin ƙofa ya shaida wa 'yan sanda umarni aka ba shi, kuma lokacin ya je cin abinci da makullin a aljihunsa.

Talata, bayan na koma gida

Na san aikin da kakana ya yi har ya yi ritaya. Hotonsa da kakin aikin yana rataye a falon Kawu.

Laraba, da azahar

Fitowar mako na gaba. Mata sun taru a ƙofar masaƙa suna jifa, suna cewa a fito da wanda ya ba da umarnin sarƙa. An kama wasu. Ga hoto, ana tura su cikin motar 'yan sanda.

Fuskokin duk sun narke, ɗigo-ɗigo ne kawai. Na kai shafin bakin taga. Ta ƙarshe a layi ta juya baya, ƙafa ɗaya a kan matakalar mota, ɗan sanda ya riƙe mata hannun dama. Ba fuska. Amma rigarta tana da aljihu a hagu, a karkace, bakinsa da ninki biyu. Na yi wannan aljihu sau dubu. Ko a mafarki na gan shi zan gane shi.

Na kira matar laburare na ce ta zo ta ga kakata. Ta duba ta ce ita aljihu kawai take gani. Na ce ai shi ne.

Ba direba. Motar da ta shiga ke nan.

Alhamis, da safe

Na ɗauki hoton a waya na kai wa Kawu. Ya sa gilashi, ya duba, ya cire gilashin. Ya miƙo min wayar.

Ya ce, "Wannan ba kowa ba ce. Mace ce ta juya baya."

Na ce, "Kawu, ka dubi aljihun."

Ya ɗaga murya. Ban taɓa ganin ya ɗaga murya ba tare da ya ɗaga yatsa ba, yau ba yatsa. Ya ce mahaifinsu ya rene su shi kaɗai, bai ci ba sai sun ci. Ya ce gidan da suke ciki na masaƙa ne, ko na san abin da ake yi wa mai gadin da matarsa ta jefi ƙofar da yake gadi? Ya ce, "In kika kai wa uwarki wannan a halin da take ciki, ke kika ƙarasa ta."

Na ce, "Ƙaryar ce ta fara cin ta tun tana 'yar shekara biyar. Ni ban zo neman izini ba, Kawu. Na zo ne ko kana so ka riga ni faɗa mata."

Ya ce in fita masa daga gida. Na fita. Na gaishe da matarsa a zaure yadda ya kamata, kada a ce ba ni da tarbiyya.

Amma a hanya na sake tunani. Hoton ya nuna an tafi da ita, bai nuna ta tuna da yarinyar ba. Umma ba ta tambayi wace mota ce ba. Ta tambayi hannun riga.

Asabar, da hantsi

Da fitowar nan mai hoton ɗaurin shekarar ya ƙare, wanda ke biye kuma babu shi. Rabin ɗakin an share. Matar laburare ta ce jiya ba ta nan aka zo da sikeli, ta ɓoye min wanda nake dubawa amma ba ta san zan buƙaci na gaba ba. Na tsaya a tsakar ɗakin ina kallon inda ƙurar ta yi murabba'i a ƙasa. Ta ce ba ta san sunan mai sayen ba, amma mai sayar da kofuna da farantai ne a layin 'yan tangaran.

Na ce a raina, ko cikin ɓera suka shiga sai na bi su.

Asabar, da la'asar

Mutumin ƙato ne mai fara'a. Na yi masa bayani, ya ce, "Hajiya, ai mun riga mun naɗe kaya da su." Ya nuna min kwalaye har rufi, kowane kofi da rigarsa ta jarida.

Na ce zan warware in duba in mayar. Ya ce in na fasa? Na ce hannun tela ne, bai saba fasawa ba. Ya ba ni benci a bayan shago, ya ce shi dai bai taɓa ganin mai zuwa sayen ƙunshi ta bar kaya ba.

Kofi, warware, duba, naɗe. An yayyaga shafukan gida huɗu. Rabin tallan magani, ƙafar ɗan ƙwallo, farashin gishiri. Har aka fara rufe kasuwa.

Umma ba ta sha shayi ba. Ruwa a cokali.

Lahadi

Kasuwa a rufe. Na zauna kusa da ita yini guda. Ta kira ni Inna sau biyu, na amsa.

Litinin, da azahar

A jikin wata butar shayi yake. Ba ma a labaran kotu ba, a ɗan gefen nan ne da suke sa abubuwan ban dariya, kusa da wasan ƙwaƙwalwa. Na kwafe shi nan yadda yake:

"An sha dariya a kotu ranar Alhamis, yayin da wata mata mai ɗinki, cikin matan da aka kama a ƙofar masaƙa, ta katse alƙali ta ce ya yi sauri ya gama abin da zai faɗa, domin ta bar rigar 'yarta a kan keke saura hannu ɗaya, kuma ta ce wa yarinyar tana zuwa yanzu. Alƙali ya ce rigar za ta jira wata shida. Matar ta ce riga ta iya jira, yarinyar ce ba ta iya ba. An ƙara mata wata uku saboda raina kotu."

An sha dariya. Na karanta wannan wurin ya fi sau nawa. Na so a ce waɗanda suka yi dariyar suna da rai, in bi su gida-gida.

Na yi kuka a tsakiyar kofunan mutane, ban ɓoye ba. Mai shago ya kawo min ruwa a sabon kofi, ya ce in tafi da takardar, in ma ina son butar in haɗa. Na kai ta shago na goge ta da dutsen guga mai sanyi-sanyi, ta miƙe.

Talata, da la'asar

Zan rubuta wannan a hankali, don kada in manta komai.

Na tarar da Kawu a ɗakin Umma, yana zaune a bakin gado. Ya ga takarda a hannuna ya miƙe. Na ɗauka zai tare ni. Na riga na shirya maganar da zan faɗa masa, mai zafi ce, na yi ta maimaita ta a hanya. Amma da na dubi Umma sai maganar ta tsere. Ta yi ƙanƙanta a cikin bargon, idanunta a buɗe amma ba sa kama komai.

Na ce, "Umma, na samo Innarku a jarida."

Ta ce, "A jarida? Me ta yi?"

Na ɗaga takardar zan karanta. Sai na miƙa wa Kawu. Na ce, "Kai ne mai karatun gidan nan."

Bai karɓa ba. Umma ta lalubo hannun rigarsa ta ce, "Yaya, karanta min."

Ya zauna. Ya sa gilashi. Ya fara da muryar hedimasta, "An sha dariya a kotu ranar Alhamis, yayin da..." Ya tsaya. Ina ganin yatsansa a kan kalmomin. Ya daɗe. Da ya ci gaba ba muryar hedimasta ba ce. Ya ce, "yayin da Innarmu, mai ɗinki..." Haka ya karanta har ƙarshe. Duk inda jarida ta ce matar, shi Innarmu yake cewa.

Umma ta ce ya sake karanta wurin da ta amsa wa alƙali. Ya sake.

Ta ce, "Ta fito?"

Ya girgiza kai, sannan ya tuna ba ta gani. Ya ce, "Zazzaɓi ne ya kama ta a can, ko wata uku ba ta yi ba. An aiko gida. Baba ya ce wa ɗan aiken ba shi da mata. Ina bayan ƙofa. Ya sa na yi masa alkawari." Sannan ya ce, "Ƙawayenta ne suka ƙone a ciki. Ita ke ɗinka musu kayan aiki."

Na jira Umma ta yi kuka ko ta yi masa faɗa. Ni kam a shirye nake in taya ta. Sai ta yi wata 'yar dariya da ta ƙare da tari. Ta juyo wajena ta ce, "Ashe bakin nan naki ba a ƙasa kika tsinta ba. Har alƙali!"

Kawu ya rufe fuska da jaridar. Ta bar hannunta a kan gwiwarsa, ba ta janye ba.

Ta ce a ba ta rigar. Na ɗora mata a ƙirji. Na ce, "Umma, in ɗinka hannun? Yanzu zan gama."

Ta ce, "Ke! Dokar shago fa? Aikinta ne. Ta ce tana zuwa, kuma da gaske take. Bar mata."

Ta rufe ido har na ɗauka barci ya ɗauke ta. Sai ta ce, "Amma na malamar nan da ke kan kekena, ki ƙarasa shi. Ni ban ce miki ina zuwa ba. Kada ki zauna a bakin ƙofa kina jira na."

Na ce ba zan taɓa ba. Ta ce, "Za ki taɓa. Ni ce mai dokar."

Ta nemi shayi. Ta sha kusan rabin kofi.

Alhamis, da safe

Barci take. Kawu ya zo da jaridarsa, bai buɗe ba.

Asabar

Gidan cike yake da takalman masu ta'aziyya. Ba zan rubuta ba.

Laraba, da hantsi

Matan dangi sun fara raguwa. Jiya wata gwaggo ta ga 'yar rigar a kan gado ta fara, "Ai wannan ce ta waccan da ta..." Ban ma buɗe baki ba. Kawu ne daga bakin ƙofa ya faɗi sunan Innarsu, cikakke, da ƙarfi, ya ce haka ake kiranta. Na ba shi kujera.

Na sa takardar jaridar a gilashi tare da hoton. Ya ce in yi masa guda. Na tambaye shi ina zai rataya, ya ce a falo akwai ƙusa biyu.

Litinin, da yamma

Na buɗe shago. Na yaye zanen daga kan keken Umma, na sa masa mai. Allurar tana nan inda ta tsaya. Na daɗe ƙafata tana kan feda ban taka ba. Daga baya na taka.

Ɗinkin bai karkace ba. Na duba sau biyu, na so in sami inda hannunta ya ƙare nawa ya fara, ban samu ba.

Malama ta zo, ta yi min gaisuwa, ta gwada rigar. Ta laluba dama ba ta ji komai ba, ta ce, "Haba, ba na ce a mayar min da shi ba?"

Na ce, "Malama, ki yi haƙuri. A nan gidan aljihu a hagu yake."